Bawul Uku, Wat Biyar: Yadda Za Ka Haɗa Amfilifayar Jita da Hannunka

Duk wanda ya zo mini da maganar yana son haɗa amfilifayar jita, wato na'urar ƙara mata sauti, mai bawul irin na tsohuwar rediyo, shawarata ɗaya ce: ya fara da Champ ta kamfanin Fender, samfurin da ake kira 5F1, ya kuma haɗa ta yadda take a zane, kada ya cusa nasa tunanin tukuna. Matasa sun fi son su fara da mai wat 50 ko 100 don ita suke gani a bayan manyan makaɗa. Waccan tana da bawul da yawa da wayoyi rututu, ranar da ta ƙi magana ba ka san ta inda za ka fara nema ba. Champ kuwa bawul uku ne, maɓallin murya ɗaya, rizista (mai rage wuta) goma sha biyu, kafasita (mai riƙe caji) shida. Za ka iya bin hanyar sauti da yatsa a kan takarda tun daga jita har sifika ba tare da ka ɓace ba.

Leo Fender mai gyaran rediyo ne tun asali. A 1938 ya buɗe shagonsa a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka, kuma hannun mai gyara yana nan a cikin zanensa, don komai a fili yake, komai ana iya cire shi a sa wani. Ƙaramar amfilifayar nan ta fara fitowa a 1948 da sunan Champion, don masu koyo aka yi ta. Samfurin 5F1 ya zo a ƙarshen shekarun 1950, aka ci gaba da yin sa har wajen 1964. Zanen wayoyinsa da taswirar jera kayansa suna nan a intanet kyauta. Ka buga su a babbar takarda ka manna a gabanka kafin ka sayi ko da waya ɗaya.

Kada ka raina wat 5. Kunnen mutum sai an ninka ƙarfi sau goma yake jin ƙara ta ninka sau biyu, saboda haka mai wat 50 ninki biyu kawai ta fi wannan a kunne. A cikin ɗaki, Champ da sifika mai kyau sai maƙwabta sun san kana gida.

Wutar da ke ciki

Wannan ɓangaren nake roƙon ka karanta sau biyu, ɗan'uwa. A cikin akwatin akwai wutar DC, wato mai gudu hanya ɗaya, da ta kai bolt 350, wani lokacin ta haura 450, kuma tana kisa. Wutar da ba ta kai miliamfiya 100 ba, in ta ratsa ƙirji daga wannan hannu zuwa wancan, ta isa ta rikita bugun zuciya. Abin da ya fi cutar sabon shiga shi ne zaton da an zare fulogi daga bango shi ke nan. Manyan kafasitocin nan suna riƙe caji bayan an kashe, wani lokacin har tsawon kwanaki.

Don haka kayan aikin da za ka fara haɗawa shi ne abin zubar da caji: rizista mai 10k zuwa 22k (k na nufin om dubu, om kuwa ma'aunin rizista ne), wat 5, da waya mai kaurin roba a kowane gefe, da ɗan maƙali a bakin kowace waya. Ka maƙala gefe ɗaya a jikin shasi, wato ƙarfen da ake ɗaure kayan amfilifaya a kai, ɗayan a ƙafar kafasita mai alamar tarawa, ka jira, sannan ka auna da mita. Sai mita ta nuna ƙasa da bolt 10 za ka sa hannu. Kada ka yi wannan da sukundireba kai tsaye yadda wasu ke yi, tartsatsin yana lalata kafasita kuma yana iya shiga ido. A cikin amfilifayar kanta ina sa rizista 220k mai wat 2 a tsakanin ƙafafun kafasita ta farko, ta zauna nan har abada tana tsiyaye cajin duk lokacin da aka kashe. Ba ta cikin zanen Fender, amma ina sa ta a kowace. Duk da tana nan, ka auna.

In za ka auna wuta tana kunne, ka maƙala baƙar wayar mita a shasi tun amfilifaya tana kashe, ka riƙe jar da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana aljihu. Ka cire zobe da agogo. Kada ka tsaya ba takalmi a kan siminti, ka sa mai ƙasan roba. Wani babba ya kasance a gida wanda ya san inda ake kashe wuta, yara kuma su yi nesa da teburin.

Sai maganar wayar ƙasa, wadda a wurinmu ta fi komai muhimmanci. Gidaje da yawa soket ɗinsu rami uku ne, amma na ukun ba a haɗa shi da komai ba. Igiyoyin jita na ƙarfe suna haɗe da shasin amfilifaya ta cikin wayar jita. In wata waya mai wuta ta taɓa shasi kuma babu wayar ƙasa, fiyus ba zai ƙone ba, wutar za ta tsaya tana jiran yatsun mai kiɗa. Ka kira mai aikin wayarin ya kafa maka sandar ƙarfe a ƙasa ya haɗa ta da soket ɗin da za ka riƙa amfani da shi, in da hali ya sa maka na'urar nan mai katse wuta da zarar miliamfiya 30 ta ɓalle. Janareto ma haka, jikinsa yana bukatar wayar ƙasa.

Hanyar da sauti ke bi

Bawul kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta. Hita tana gasa katod, katod in ya yi zafi sai ya riƙa sakin ilektiron, faranti mai ɗauke da babbar wuta ya janyo su. Tsakanin katod da faranti akwai raga ta siririyar waya. Ragar nan kamar kan famfo take, ɗan juyi da yatsa biyu sai ruwa mai ƙarfi ya ƙaru ko ya ragu. Abin da jita ke fitarwa bai wuce ɗan kaso na bolt ɗaya ba, amma in ya sauka a raga sai ya juya wutar faranti, ya fito da siffarsa amma ya girma.

Bawul na farko shi ne 12AX7, a Turai ana rubuta masa ECC83. Biyu ne a kwalba ɗaya. Sauti yana shiga ta jak, ramin da ake cusa wayar jita, ya bi rizista 68k zuwa ƙafa ta 2 ta bawul ɗin, ya fito ta ƙafa ta 1, ya ratsa kafasita 0.022µF wadda ke tare wutar DC ta bar sauti ya wuce, ya shiga maɓallin murya mai 1M, wato om miliyan ɗaya. Daga nan ya koma rabi na biyu ta ƙafa ta 7, ya fito ta 6, ya sake ratsa wata 0.022µF, ya isa ƙafa ta 5 ta 6V6, bawul ɗin da ke yin aikin ƙarfi. Farantin 6V6, ƙafa ta 3, yana tura taransifomar fita, ita kuma ta tura sifika. Bawul na uku, 5Y3, sauti ba ya bi ta cikinsa, aikinsa mayar da AC, irin wutar bango, zuwa DC. In ka buɗe murya sosai, 6V6 ba ya yanke sauti farat ɗaya, a hankali yake lanƙwasa shi, yana ƙara masa kauri da ɗan gurnani mai daɗi. Wannan gurnanin ne ya sa har yau ake neman bawul bayan taransista ta cika duniya.

Kayan da za ka nema

Rizistoci: 68k biyu da 1M ɗaya a bakin jak, 100k biyu na farantan 12AX7, 1.5k biyu na katod ɗinsa, 220k daga ragar 6V6 zuwa ƙasa, 22k mai dawo da ɗan sauti daga sifika zuwa ƙafa ta 8 ta 12AX7, sai 10k da 22k masu rage wuta tsakanin manyan kafasitoci. Waɗannan biyun na ƙarshe ka nemi masu wat 2 ko 3. Katod ɗin 6V6 yana zaune a kan om 470, kuma ni mai wat 5 nake sawa don tana zafi ƙwarai, tare da kafasita 25µF wadda gara ta zama mai bolt 50. Manyan kafasitoci a zanen asali 16µF, 8µF da 8µF ne masu bolt 450. Ta farkon ka sayi mai bolt 500. Dalili kuwa 5Y3 yana rigan 6V6 yin zafi, a cikin waɗannan daƙiƙoƙin babu mai shan wutar, sai ta haura kusan 460. Ƙananan 0.022µF su zama masu bolt 600 ko 630. Ka auna kowace rizista da mita kafin ka liƙa ta. Kafasita mai sauƙin kuɗi fiye da kima kuma ka yi hattara da ita, akwai na jabu waɗanda abin da aka rubuta a jikinsu ba shi ne a ciki ba.

Har yanzu ana ƙera bawul sabo. JJ Electronic na yi a Silobakiya, akwai masana'anta a garin Saratov na Rasha da ke yin Sovtek da Electro-Harmonix, akwai kuma na Sin. In ka ci karo da tsoffin na Tarayyar Sobiyet, 6P6S yana shiga gurbin 6V6 kai tsaye. 6N2P kuwa ya yi kama da 12AX7 amma haɗin hitarsa daban ne, kada ka cusa shi ba tare da sauya waya ba. Ban ga dalilin da mai farawa zai zuba kuɗi a kan tsohon bawul mai suna ba. Kuɗin ya fi amfani a taransifoma da sifika.

Taransifoma biyu

Nan ne aikin yake tsayawa ko ya faɗi. Taransifomar wuta ta Champ tana ba da 325-0-325, wato bolt 325 daga kowane gefen naɗi zuwa wayar tsakiya, a wajen miliamfiya 70, da bolt 5 mai amfiya 2 na 5Y3, da bolt 6.3 na hitar sauran biyun. 12AX7 yana shan miliamfiya 300, 6V6 yana shan 450, ka ga amfiya 2 ta wadatar har da fitilar nuni. In za ka yi oda daga waje, ka lura da kyau: mafi yawan na kasuwar Amurka na bolt 120 ne da zagaye 60 a daƙiƙa, mu kuwa wutarmu 230 ce da zagaye 50. Ka nemi wadda aka rubuta 230 ko 240, 50Hz. Kamfanin Hammond na Kanada yana yin masu shiga kowace wuta. In kuma mai naɗin koyil na garinku ne zai naɗa maka, ka ce ya sa takardar kariya mai kyau tsakanin naɗi da naɗi, musamman na bolt 5. Wannan naɗin sunansa bolt 5 ne, amma yana zaune a kan bolt 350 in an auna shi da shasi, don daga ƙafa ta 8 ta 5Y3 babbar wuta ke fita.

In 5Y3 ya yi wuyar samu, dayod 1N4007 yana yin aikin. Sai dai 5Y3 yana cinye kusan bolt 50 a cikinsa, dayod kuwa ba ya cin komai, don haka sai ka nemi taransifoma mai wajen 260-0-260, ka jera dayod biyu a kowane gefe. Sautin zai ɗan fi tauri, amma ka huta da naɗin bolt 5.

Taransifomar fita tana daidaita nauyin da 6V6 ke so, wajen om 5,000, da na sifika. Lissafin bai da wuya. Ka raba 5,000 da om ɗin sifika, ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da amsar. Ga sifika mai om 8, amsar 625 ce, wato naɗi 25 a gefen bawul kan kowane 1 a gefen sifika. Ga mai om 4, wajen 35 ne kan 1. Za ka iya gwada kowace taransifoma da ka tsinta: ka ba babban gefen bolt 6.3 na AC, in ƙaramin ya nuna wajen 0.25, to 25 kan 1 ce.

Ga abin da masu naɗi da yawa ba su saba da shi ba, don aikinsu na sitabilaiza da caja ne. Tunda 6V6 guda ɗaya ne, wutar DC ta kusan miliamfiya 40 tana bi ta cikin naɗin koyaushe, ko ana kiɗa ko ba a yi. In aka saƙa faifan ƙarfen nan masu siffar E da I a sarƙe, ɗaya ta nan ɗaya ta can, ƙarfen zai ƙoshi da maganaɗisu, ƙananan muryoyi su mutu, sauti ya shaƙe. Dole a jera dukkan E gefe ɗaya, dukkan I gefe ɗaya, a sa siririyar takarda a tsakaninsu. Ka tsaya a kai ka ga an yi haka. Ƙaramar taransifomar 230 zuwa bolt 9 lissafinta ya yi kusa da 25 kan 1, za ta yi ƙara in ka gwada da ita, amma ba ta da wannan tazarar sai an warware ƙarfen an sake jera shi.

Tsoffin rediyoyin Turai masu bawul, irin su Philips da Grundig, taska ce in ka samu wadda ta mutu. Da yawansu suna da EL84 da taransifomar fita da aka yi dominsa. EL84 yana son bolt 250, om 135 a katod da nauyin 5.2k, kuma yana ba da wat 5 da ɗoriya, sai dai ƙafafunsa tara ne, haɗinsa daban. Amma ka duba sunayen bawul ɗin da ke ciki. In sun fara da U, kamar UL84 ko UY85, yawanci rediyon ba ta da taransifomar wuta, shasinta na iya zama haɗe da wutar bango kai tsaye. Irin wannan ba a mayar da ita amfilifayar jita ko da wasa.

Jerawa da liƙi

Amfilifaya biyu masu kaya iri ɗaya, ɗaya ta yi tsit ɗaya ta yi ta kugi, bambancin yana wurin da aka ajiye kowane abu. Shasi na ƙarfe ko alminiyam ya rabu gida biyu a tunaninka: gefe ɗaya na wuta, inda wayar bango, fiyus, makunni, taransifomar wuta da 5Y3 suke, ɗaya gefen na jak da 12AX7, 6V6 a tsakiya. Taransifoma biyun kada ƙarafansu su kalli wuri ɗaya, ka juya ɗaya ta gicciye ɗayar, ka nisanta su gwargwadon hali. Ka gama duk huji da goge baki kafin ka ɗaura komai, don garin ƙarfe in ya shiga mazaunin bawul sai ya haɗa wuta. Allon da za ka jera rizistoci ya zama na faiba marar tagulla, ko layukan ƙarfe masu kunnuwa da ake ɗaurewa da noti. Katako yana shan laima lokacin damina, kuma a bolt 350 laima hanya ce.

Dalma mai 60/40 mai ƙaro a cikinta ita ce ta wannan aiki, da ƙarfen liƙi mai wat 40 zuwa 60. Ruwan asid da masu gyaran lagireto ke amfani da shi kada ya kusanci teburin, yana cin waya a hankali. Ka lanƙwasa ƙafar kaya ta kama wurinta da kanta, ka ɗora ƙarfen ya gasa wurin, sannan ka kawo dalma ta narke ta kwanta tana sheƙi. Wadda ta dunƙule ta yi dishi-dishi, sake ta. Wayoyi su zama masu jure bolt 600.

Ana ƙirga ƙafafun bawul ne daga ƙasan mazauni, ana bin hannun agogo, daga giɓin da ke tsakanin ƙafafu a mai tara, ko daga ɗan tsagin tsakiya a mai takwas.

Ni da wayar bango nake farawa. Wayar ƙasa, mai kore da rawaya, tana samun notinta ita kaɗai a jikin shasi kusa da inda ta shigo, a kankare fenti, a ɗaure tamau, kuma ta fi sauran biyun tsawo don in an fizgi igiya ita ce ta ƙarshen tsinkewa. Mai wuta ta bi fiyus na amfiya 1 mai jinkirin ƙonewa, sannan makunni. A Champ ta asali makunnin yana jikin maɓallin murya, wanda lambobinsa ke kai wa har 12, amma na fi son makunni daban, don kada wutar bango ta zo kusa da hanyar sauti.

Sai hita. Ka murɗe wayoyin biyu da juna sosai, ka kwantar da su a kusurwar shasi nesa da wayoyin raga. A 6V6 suna zuwa ƙafa ta 2 da ta 7. A 12AX7 ka haɗe 4 da 5 su karɓi waya ɗaya, ta 9 ta karɓi ɗayar. Fender ya haɗa gefe ɗaya na hita da shasi don tsimin waya, amma hakan yana kawo kugi. In naɗin 6.3 ba shi da waya ta tsakiya, ka sa rizista om 100 daga kowane gefe zuwa ƙasa.

Babbar wuta: wayoyi biyun 325 zuwa ƙafa ta 4 da ta 6 ta 5Y3, na bolt 5 zuwa 2 da 8. Daga 8 zuwa kafasita ta farko, inda taransifomar fita ke sha. Daga nan 10k zuwa kafasita ta biyu, mai ciyar da ƙafa ta 4 ta 6V6. Sai 22k zuwa ta uku, mai ciyar da rizistocin 100k. Ka duba alamar tarawa da ɗebewa a kowace kafasita har sau biyu, wadda aka juya tana fashewa.

Haɗin ƙasa shi ne inda na fi ɓata lokaci, kuma ban taɓa ganin lokacin ya tafi a banza ba. Wayar tsakiya ta naɗin 325 ta tafi kai tsaye ƙafar ɗebewa ta kafasita ta farko, don a wannan ɗan zagayen wuta mafi datti ke gudu. Katod ɗin 6V6 da 220k su sauka tare da kafasita ta biyu. Kayan 12AX7 duka, da kafasita ta uku da maɓallin murya, su haɗu a kusa da jak. Kada ka bar wutar wancan gefen ta bi ta wayar da 12AX7 ke tsaye a kai, don duk abin da ya shiga nan sai an ninka shi sau ɗaruruwa kafin ya kai sifika. Daga jak zuwa ƙafa ta 2 ka sa waya mai rigar saƙa, rigar a haɗa ta da ƙasa ta gefe ɗaya kawai.

Kunnawar farko

Ka kwana tukuna. Washegari ka ɗauki jan biro, ka bi zanen waya bayan waya, duk wadda ka tabbatar a cikin shasi ka ja mata layi a takarda. Sannan mita: daga ƙafar ƙasa ta fulogi zuwa shasi ya nuna ƙasa da om 1, daga kan kafasita ta farko zuwa shasi kuma lambar ta yi ta hawa, kada ta tsaya kusa da sifiri.

Ka haɗa ƙwan fitila mai zare, wat 60 ko 100, a jere da wayar da ke kai wuta ga amfilifaya. Ƙwan zamani marar zare ba ya wannan aikin. In akwai inda wuta ta haɗe, ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar, taransifomarka ta tsira. Kunnawa ta farko babu bawul ko ɗaya: ƙwai ya zauna kusan a mace, ka auna 6.3, da 5, da kowane gefen 325 zuwa shasi. Kada ka auna tsakanin gefe da gefe, bolt 650 ne, ƙananan mitoci ba sa ɗauka. Ka kashe, ka sa 5Y3 kaɗai, ka kunna na ɗan lokaci. Ƙwai zai ɗan haska ya dushe, babbar wuta ta nuna sama da 400. Ka kashe, ka zubar da caji, ka auna.

Yanzu sai ka haɗa sifika, sannan ka sa sauran bawul. Amfilifaya mai bawul ba a kunna ta babu sifika, wutar da ta rasa inda za ta je tana komowa ta huda naɗin taransifomar fita. Murya a ƙasa, ka kunna, ka zuba wa 6V6 ido. Ɗan jan haske a tsakiya na hita ne, daidai ne. In babban farantin toka-toka ya fara ja, kashe nan take. In komai lafiya, ka cire ƙwan ka sa kai tsaye a bango, ka auna. A zanen Fender kafasita ta farko tana da wajen 340, ta biyu 295, ta uku 250, farantan 12AX7 wajen 150, katod ɗinsa 1.5, katod ɗin 6V6 kuma 18. Naka in ya ɗan haura ko ya gaza ba laifi.

Lamba ɗaya ce nake so ka yi wa lissafi. Ka raba bolt ɗin katod ɗin 6V6 da 470. In 19 ne, miliamfiya 40 ke nan. Ka ɗebe 19 daga bolt ɗin faranti, ka ninka da miliamfiyar da ka samu, ka raba da 1,000. In amsar ta wuce wat 13 zuwa 14, bawul yana shan wahala, ka ɗaga rizistar zuwa om 560. Wannan ya shafe mu sosai, don wutar layi takan yi sama da ƙasa. In ta kai 250, komai na ciki ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, hita ta doshi 6.9, wanda shi ne iyakarta. Ka auna bango kafin ka yarda da kowace lamba, in wutar unguwarku mai hawa ce ka bi ta sitabilaiza.

In ta yi gardama

In ka kunna ta fasa ihu mai tsini tun ba a taɓa jita ba, kusan kullum rizistar 22k ce ke dawo da sauti a juye. Ka kashe, ka zubar da caji, ka musanya wayoyi biyun babban gefen taransifomar fita. Kugi kuma iri biyu ne. Mai zurfi, na zagaye 50, daga hita yake ko daga kusancin taransifoma. Mai ɗan kaifi, na zagaye 100, daga manyan kafasitoci ko haɗin ƙasa yake. An zana Champ don wuta mai zagaye 60, a tamu mai 50 kafasitocin asali sukan ɗan gaza, sai ka ɗaga ta biyu da ta uku zuwa 22µF. Ta farko kada ta wuce wajen 20 in 5Y3 kake amfani da shi. In kugin yana ƙaruwa da buɗe murya, matsalar tana gaban maɓallin, wajen jak. In kana jin tashar rediyo, ka matsar da 68k ta zauna a kan ƙafa ta 2 kanta. Ƙarar ƙas-ƙas kuwa, ka ɗauki busasshen tsinken itace, hannu ɗaya a aljihu, ka riƙa taɓa liƙi ɗaya bayan ɗaya har ka ji wanda ya amsa.

Akwati aikin kafinta ne: katako marar nauyi, baya a buɗe rabi don iska ta ratsa, bawul nesa da duk abin da zafi ke narkarwa. Champ ta asali sifika mai inci 8 da om 4 take da ita, amma mai inci 10 ko 12 ta fi cika ɗaki. Ta zama sifikar jita. Ta gidan biki mai ƙaramar sifikar tsini tana fito da ƙaiƙayin da sifikar jita ke ɓoyewa, tunda ita daga wajen zagaye 5,000 take fara yin shiru. Lokacin hunturu ka riƙa rufe ta da ƙyalle bayan ta huce, ƙura a mazaunin 6V6 tana jawo tartsatsi.

Bayan ka yi wasu makonni kana kaɗa ta har kunnenka ya san muryarta, sannan ka gwada sauyi, ɗaya-ɗaya. Na farko da nake ba da shawara shi ne kafasita 25µF a gefen 1.5k ta ƙafa ta 3 ta 12AX7, tana kusan ninka ƙarfin matakin farko. Na biyu, ɗan makunni a kan rizistar 22k mai dawo da sauti. In ka katse ta, amfilifayar tana saurin yin gurnani tun murya ba ta kai rabi ba, kugi ma yana ɗan ƙaruwa, sai ka saurara ka zaɓi wanda ya dace da kiɗanka.